Tarihin Bizar H-1B: Gwani a Hannun Maigida

Wata rana cikin dare ƙanena, injiniyan kwamfuta a Amurka, ya kira ni muryarsa na rawa. Ya ce, "Yaya, an sallame mu. Kwana 60 gare ni in samu wani kamfani, in ba haka ba sai in tattaro in dawo." Tun daga ranar na shiga bin diddigin bizar da ta kai shi can.

Tushenta dokar shige da fice ta 1952 ce, wadda ta ba baƙi masu gwaninta damar zuwa aiki na ɗan lokaci. A 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar da ta haifi H-1B, aka ƙayyade mutum 65,000 a shekara. Da harkar intanet ta bunƙasa, majalisa ta ɗaga adadin zuwa 115,000 a 1998, sannan 195,000 a 2000. A 2004 ya koma 65,000, aka ƙara gurabe 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in Amurka. Masu nema suka yi yawa har aka koma jefa ƙuri'a, Indiyawa kuma ke kwashe kaso mafi tsoka.

Abin da ke ci mini rai shi ne kamfani ke neman bizar, ba ma'aikaci ba. Shekara 3 ake bayarwa, a sabunta zuwa 6. Komai iliminka, zamanka a hannun maigida yake. Ƙanena ya samu wani aikin da ƙyar, amma har yau akwatinsa na bayan ƙofa.