Shari'ar karayar arziki: yadda masu bin bashi ke mayar da ita sanda a rigimar gidaje

Yau bayaninmu a kan shari'ar karayar arziki ne, da yadda masu ba da rance ke karkatar da ita idan rigima ta haɗa su da kamfanonin gina gidaje. Misalinmu daga ƙasar Indiya yake, don can ne abin ya fi fitowa fili.

Ita wannan shari'a an yi ta ne saboda kamfanin da bashi ya fi ƙarfinsa. Kotu ta tara duk masu binsa wuri guda, a duba ko zai iya tashi, in ba hali a sayar da kadarorinsa a raba bisa ƙa'ida. Wanda ke son kuɗinsa kawai, hanyarsa daban ce: ƙarar bashi, ko gwanjon abin da aka jinginar masa.

Indiya ta kafa dokarta a 2016. Da zarar kotun kamfanoni ta NCLT ta karɓi ƙara, sai a dakatar da duk wasu ƙararrakin da ake yi wa kamfanin, a janye ragamarsa daga hannun masu shi a damƙa wa wani ƙwararre, sannan masu bin bashi su kafa kwamiti, kowa ƙuri'arsa daidai yawan kuɗinsa. To a nan gizo ke saƙar. Banki ba sai ya nuna kamfanin ya durƙushe ba, ya isa ya nuna an saɓa lokacin biya. Kuma da farko bashin rupi 100,000 kacal ya isa a buɗe shari'ar. Ku duba fa: mai kamfanin da ke da filaye da benaye na biliyoyi yana iya wayar gari ba shi da ta cewa a ofishinsa. Shi ya sa wasu masu bin bashi ke shigar da ƙarar don tsoratarwa, ko da akwai jayayya a kan kuɗin ruwa ko lissafi. Mai gini ya ga uwar bari ya biya, su janye.

Amma wanda ya fi shan wuya shi ne talakan da ya zuba kuɗin gida tun ginin yana tushe. A 2017 bankin IDBI ya kai kamfanin Jaypee Infratech, mai gine-gine a Noida kusa da Delhi. Bashin gaskiya ne, bankin bai taka doka ba. Sai dai mutum sama da 20,000 da suka biya kuɗin gidaje sun tashi ba makulli, ƙararrakinsu sun tsaya cik, kuma ba su da kujera a kwamitin da zai yanke makomar gidajen nasu. Sai a 2018 aka gyara doka aka sa su sahun masu bin bashi, kuma sai a watan Maris na 2023 kotu ta amince kamfanin Suraksha ya karɓi aikin. Wajen shekara shida ke nan, a dokar da ta ɗibar wa shari'ar kwana 180, daga baya aka ce kar ta wuce 330.

Su ma masu sayen, da suka samu dama, wasu sun yi irin ta bankunan. Mutum ɗaya da ya sayi gida don riba sai ya ja kamfani kotu don a mayar masa da kuɗinsa da ruwa, aikin ɗaruruwan maƙwabtansa ya tsaya. A 2020 aka toshe wannan kafa: sai masu saye 100, ko kashi 10 cikin ɗari na masu saye a aiki guda, sun haɗu. A shekarar ne kuma aka ɗaga mafi ƙarancin bashi zuwa rupi miliyan 10.

Kotun ƙolin ƙasar ta sha nanata cewa dokar ba ta karɓar bashi ba ce. Aya ta 65 ma ta tanadi tarar rupi 100,000 zuwa miliyan 10 ga wanda ya buɗe shari'ar da mugun nufi, ko da yake tabbatar da abin da ke zuciyar mutum ba wasa ba ne. A ganinmu dabarar da ta fi amfani ita ce ta 2022, lokacin da Union Bank of India ya kai kamfanin Supertech: kotun ɗaukaka ƙara ta taƙaita kwamitin masu bin bashi ga aiki guda, sauran gine-ginen aka bari su ci gaba.

Nan gida Nijar, dokar OHADA ta ƙasashe 17 ce ke aiki, wadda aka sabunta a Grand-Bassam a 2015. Mai bin bashi na iya kai ƙara in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacinsa kuma ya yi, amma dole alƙali ya gamsu cewa abin da ke hannun kamfanin ba zai biya basukan da suka zo wuya ba. In an buɗe shari'ar, duk wanda ya ba kamfanin kuɗinsa yana da kwana 60 bayan sanarwa ta biyu a jarida ya kai takardunsa. Mazauna wajen ƙasa kuwa kwana 90 gare su.