ScienceWorld

ScienceWorld manhajar kwaikwayo ce da ake yin gwaje-gwajen kimiyya na matakin firamare a cikinta da rubutu zalla, babu hoto. Ruoyao Wang da Peter Jansen na Jami'ar Arizona a Amurka, tare da abokan aikinsu, suka fitar da ita a shekarar 2022 don gwada ƙirƙirarriyar basira. Tana ɗauke da ayyuka 30.

A cikinta, na'ura ba ta aiki sai an rubuta umarnin kunna ta. Wajen tafasa ruwa, sai an kunna famfo, an cika tukunya, an ɗora ta a murhu, sannan a kunna murhun. Wani lokaci murhun a lalace yake, dole a nemi wata hanyar samun zafi. A nan ake gane ko basirar ta fahimci aikin, ko haddar matakan kawai ta yi.