Ƙaramar kyanwa mai jego: yadda ake riƙonta da yadda ƴaƴanta ke girma

A filin kiwo mun saba zancen shanu, awaki, tumaki da kaji. Yau kyanwa za mu taɓa, wadda wasunmu ke kira mussa ko mage. Ba a kai ta kasuwa, ba a yanka ta, shi ya sa ba a cika lissafa ta cikin dukiyar gida ba. Amma duk mai rumbun hatsi ko buhunan wake a ɗaka ya san aikin da take yi masa da dare, ya kuma san ɓarnar da kusu ke yi in ba ta nan. Lokacin da ta fi buƙatar hannun mutum shi ne haihuwarta ta fari, musamman in ƙarama ce da ta faɗo gidan da ciki, ba mai ita. Ga abin da ya kamata mai riƙonta ya sani. Ƴan uwa da ke ci-rani, ku tura wa na gida, tunda yara da mata ne suka fi zama da ita.

Uwa tun ba ta gama girma ba

Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, alhali jikinta bai gama ginuwa sai ta kusa shekara guda. Ke nan abincin da take ci rabo biyu ake yi da shi, na girmanta da na ƴaƴan ciki. Cikin na ɗaukar kwana 63 zuwa 65, wato wata biyu da ƴan kwanaki. Wajen sati na uku kan nonuwanta na yin ja su ɗan kumbura, daga sati na biyar ciki ya fito fili. Haihuwar fari ba ta cika yawa ba, sau da yawa biyu ko uku ne, daga baya ta riƙa kawo huɗu ko biyar. Kada ku yi mamaki in kun ga ƴaƴa kowa da launinsa: ciki guda na iya zama na muzurai fiye da ɗaya.

In haihuwa ta kusa, sai ta kama neman lungu. A tanadar mata kwali ko kwando mai ɗan zurfi, a shimfiɗa tsumma mai tsabta, a ajiye wuri mai duhu inda iska ba ta kaɗawa, nesa da kare da hayaniyar yara. Kada a kulle ta ba hanyar fita. Tana iya raina kwalin naku ta zaɓi ƙarƙashin gado ko bayan buhuna. In wurin ba haɗari, ku kai mata tsumman can, don gardama da kyanwa kan wurin haihuwa ɓata lokaci ne.

Batun abinci nan ne aka fi cutar ta ba da niyya ba. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da fura kaɗai ba su riƙe ta, balle mai shayarwa, wadda ke cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba: dafaffen ƙwai, ragowar nama da kayan ciki daga wajen mahauta a dafa su, ƙananan kifi da aka jiƙa gishirinsu ya fita. Hanta a ba ta jefi-jefi, ba kullum ba. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa a kiyaye, domin su biyun suna lalata jinin kyanwa. Ɗanyar madara na sa da yawa daga cikinsu zawo, ɗan nono mai tsami ya fi musu sauƙi. Ruwa kuwa a ajiye shi kusa da kwalin, saboda a kwanakin farko ba ta son yin nisa.

Ranar haihuwa

Galibi ita kaɗai take abinta, aikinmu kallo daga nesa. Tsakanin ɗa da ɗa akan yi minti 10 zuwa awa guda, wani lokaci ta huta awoyi kafin ta ci gaba. Kowane ɗa na fitowa cikin wata ƴar jaka, uwar ta yage ta da lasa, ta datse cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Wannan cin mabiyiyar al'adarsu ce, ba ɗan take ci ba.

Ƙaramar uwa ce kan ruɗe. In ta bar ɗa cikin jakar minti ɗaya ko biyu ba ta taɓa shi ba, a wanke hannu, a yage jakar daga fuska, a goge hanci da baki, a murza jikinsa da busasshen tsumma har ya yi kuka, sannan a miƙa mata shi. In kuma ta yi kusan rabin awa tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale, ko jini ya yi yawa, wannan ya wuce dabarar gida, sai ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi.

Nonon farko, wato dakashi, shi ne rigakafinsu, kuma a yinin farko kaɗai cikin ɗan ke iya karɓar kariyar da ke cikinsa. Saboda haka a tabbata kowa ya kama nono ranar da aka haife shi. In akwai wanda ƴan uwansa ke turewa, a kama shi a ɗora a nonon baya, su suka fi ruwa.

Daga makanta zuwa farauta

Ɗan kyanwa na zuwa duniya da nauyin garam 100 ko kusa da haka, kamar ƙwan kaza biyu. Ido rufe, kunne a liƙe, ba ya gani ba ya ji. Da hanci da ɗumin jiki yake gane uwarsa, kuma cikin ƴan kwanaki kowa kan zaɓi nonon da ya fi so ya riƙa komawa gare shi. Satin farko barci ne da tsotso. Za ku ga ƙafafunsu na motsi cikin barci, lafiya ce. Guntuwar cibiya na bushewa ta faɗi wajen kwana 3 zuwa 5. Mai lafiya na ƙara garam 10 zuwa 15 kowace rana, har ya ninka nauyinsa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda ke da ɗan sikeli irin na masu shago ya riƙa aunawa kullum lokaci guda. Mu a ganinmu babu alamar da ta kai wannan gaskiya, domin ɗan da nauyinsa ya tsaya kwana biyu yana cikin matsala tun kafin ido ya gane. Marar sikeli ya duba ciki: ƙoshasshe cikinsa a cike yake, yana barci shiru cikin ƴan uwansa. Mai yawan kuka, wanda ke kwance gefe shi kaɗai, shi ne abin damuwa.

Har kusan sati uku ba su iya fitsari ko kashi da kansu. Uwar ce ke lasar ƙasansu bayan kowane tsotso, ta kuma share abin da ya fito, shi ya sa kwalin ke zama tsaf.

Ido na fara buɗewa tsakanin kwana 7 da 10, wasu sai 14, daga gefen hanci yake somawa a hankali. Kada kowa ya buɗe musu da yatsa, kuma a hana yara haska su da tocila ko fitilar waya. Dukkansu da shuɗin ido suke farawa, launin gaskiya sai wajen sati 6 zuwa 7 yake soma bayyana. In ido ya kumbura yana ruwa ko mugunya, a shafa tsumma mai ɗumi a hankali a kuma nemi ma'aikacin kiwo, don irin wannan na makantar da ɗa in an bar shi.

A sati na biyu kunnuwa sun buɗe, ana jan ciki. A na uku ana tashi kan ƙafa huɗu ana tangaɗi, wutsiya a miƙe, haƙoran gaba na tsirowa. Haƙoran nono 26 ne, daga baya na manya 30 su maye gurbinsu, daga wata 3 ko 4 zuwa wata 6. Sati na huɗu shi ne na fitowa daga kwali, na kokawa da cizon wutsiyar uwa. A nan ake fara ajiye musu abinci mai laushi a faranti marar zurfi, kamar dafaffen ƙwai ko kifi da aka murje da ruwa, tare da tasar rairayi kusa, domin su da kansu suke koyon tonawa su binne. Daga sati na biyar uwar da ke fita farauta kan fara kawo musu mataccen kusu, daga baya ta kawo mai rai ta sake shi gabansu. Makarantar ke nan, kuma ita ce za ta amfani rumbunku gobe.

Ana cewa in an taɓa ƴaƴan kyanwa uwar za ta ƙi su ko ta cinye su. Abin da ya fi faruwa shi ne ta ɗauke su ɗaya-ɗaya ta ƙeya ta canza wuri in an dame ta, kuma sabon wurin na iya fin na farko haɗari. Don haka kwanakin farko a taƙaita taɓawa. Mai jego ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi. Amma daga sati 2 zuwa 7 a riƙa ɗaukarsu kaɗan-kaɗan kullum, gaban uwar. Wannan ne lokacin da suke sabawa da mutum, wanda ya wuce shi ba a taɓa shi ba da wuya ya daina gudun mutane.

Abin da ke kashe su

Sanyi ne na farko. Sai sun kai sati 3 zuwa 4 suke iya riƙe ɗumin jikinsu, shi ya sa suke cunkushewa wuri guda. A daren ɗari na Disamba da Janairu a rufe rabin kwalin da zane, in uwar ta fita a sa kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a gefe, yadda za su iya matsawa in ta yi musu zafi. A bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, ɗakin kwano na iya gasa su, a mai da su ɗakin ƙasa mai inuwa. Da damana a ɗaga kwalin daga ƙasa saboda ruwa da kwarkwasa. In sun fara fita tsakar gida, a kula da shirwa da karnuka.

Sai ƙuma, wadda ke iya shanye jinin ɗan kyanwa har dasashinsa ya yi fari. A tsince ta da hannu ko ƙaramin mataji, a riƙa wanke tsumman ana shanyawa a rana. Kada a fesa musu maganin ƙwari na gona, ko na sauro, ko na kaskar shanu da karnuka, da yawansu guba ne ga kyanwa. Haka maganin mutane: ƙwayar parasitamol guda na iya kashe babbar kyanwa. Tsutsar ciki kuma ta nonon uwa suke ɗaukarta, maganinta da awonsa sai ma'aikacin kiwo.

In uwa ta mutu ko ta ƙi ɗa, mafi alheri a nemi wata kyanwa mai shayarwa a unguwa a haɗa mata, sau da yawa tana karɓa. In babu, kuma ba a samu madarar da aka yi musamman don ƴaƴan kyanwa ba, madarar akuya da aka tafasa ta huce, a kaɗa da gwaiduwar ƙwai, na iya riƙe shi na ɗan lokaci. A ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, duk awa 2 zuwa 3 har da dare, yana kwance kan cikinsa. In an kwantar da shi rigingine madarar na shiga huhu. Ɗan da jikinsa ya yi sanyi a fara ɗumama shi kafin a ba shi komai. Bayan ya sha a shafa ƙasansa da jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi, a madadin harshen uwa.

Lafiyar mutanen gida

Kyanwa na ɗaukar ciwon haukar kare. Wanda kyanwar da ba a san ta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya tafi likita ranar nan, kada ya jira ya ga alama. Ƴaƴan ana yi musu allurar rigakafinsa daga wata 3. Mace mai ciki ta bar wa wani kwashe rairayin kashin, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa abin da ke cikinta. Yara su wanke hannu bayan wasa da su, kuma in an ga gashi ya zube wuri guda kamar kwabo, makero ne, yana kama mutum.

Yaye na kammala wajen sati 8. Kafin nan kada a ba da ɗa ko da maƙwabci ya matsa, in ma an bar su har sati 12 ya fi, sun ƙara ƙwari sun koyi farauta. A fara neman gidajen da za su karɓa tun suna sati huɗu. Ita kuwa uwar tana iya sake ɗaukar ciki ƴan satuttuka bayan haihuwa, tun tana shayarwa, har ta haihu sau biyu ko uku a shekara, abin da ke ƙarar da ƙaramar kyanwa da wuri. Ƙwayoyin tsarin iyali na mata ba nata ba ne. Mai hali ya tambayi likitan dabbobi a birni game da aikin tsayar da haihuwa, wanda akan yi bayan an yaye ƴaƴan nono ya kafe.