Lauyoyin Neman Diyya a Ƙasar Hausa: Tarihin Sana'ar

Lauyan neman diyya shi ne wanda ke tsaya wa mutumin da aka ji wa rauni, ko magadan wanda aka kashe, har kotu ta tilasta wa mai laifin biyan kuɗi. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta, tana da masu yin ta ba sa taɓa komai sai ita. A Kano da Kaduna da Zariya ba haka abin yake ba. Da wuya a sami ofishin lauyan da ya dogara da ita kaɗai. Wanda ya shigar da ƙarar haɗarin mota yau, gobe rikicin fili zai kare, jibi ya nemi belin wani. Dalilin hakan yana cikin tarihi.

Diyya ta riga lauya

Tun kafin Turawa su zo, alƙalan Daular Usmaniyya suna yanke hukuncin rauni da kisa bisa mazhabar Malikiyya, daga Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Khalil. Farashin a rubuce yake. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu guda rabin diyya ne, kowane yatsa raƙuma goma, haƙori biyar. In kisan na kuskure ne, dangin mai laifi na wajen uba su ke haɗa kuɗin, a biya cikin shekara uku. Tun da an riga an san adadin, babu ja-in-ja a kan nawa ciwo ya kai, wanda kuwa shi ne rabin aikin lauya a kotun Bature. Abin da ya rage shi ne shaida da rantsuwa. Fiƙihu ya yarda mutum ya naɗa wakili ya yi magana a madadinsa, amma wakilci bai zama sana'ar da ake buɗe wa ofis ba.

Turawan mulkin mallaka sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna, suka kuma hana lauyoyi shiga cikinsu. Ita ma makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, alƙalai take yayewa. Shi ya sa tazarar ta yi yawa: Christopher Sapara Williams na Legas ya zama lauya a Landan tun 1879, amma Arewa ba ta sami nata na farko ba sai 1955, wato Alhaji A.G.F. Abdulrazaq na Ilori. Muhammadu Bello na Katsina ya biyo baya a 1956. Shi da yawancin 'yan Arewan da suka yi karatun a lokacin aikin gwamnati suka shiga, daga nan suka hau kujerar alƙalanci. Bello ya kai Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Gwamnatin Sardauna na neman masu riƙe ma'aikatar shari'a, ba ta da rarar da za ta bari su tsaya wa talaka.

Takunkumin hana lauyoyi shiga waɗannan kotuna ya daɗe. Ko da aka karɓe kotunan En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, lauya bai sami shiga ba. Sai bayan Tsarin Mulkin 1979 manyan kotuna suka rusa hanin a shekarun 1980.

Dokoki da hanyar karatu

Dokokin da lauyan diyya ke aiki da su sun shigo ɗaya bayan ɗaya. Ta inshorar mota, mai tilasta wa direba yankar takardar da za a biya wanda ya buge, ta 1945 ce. A 1956 Jihar Arewa ta yi dokar mutuwa ta haɗari, wadda ta yi wata dabara: in mamacin Musulmi ne, masu haƙƙin kuɗin su ne waɗanda shari'ar Musulunci ta ba rabo a diyyar kisan kuskure. Ga ma'aikata kuwa, dokar 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, daga nan ake biyan wanda inji ya cinye wa hannu.

Hanyar zama lauya ɗaya ce ga kowa: shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta fara aiki a Legas a 1963, ta koma Bwari a 1997, tana kuma da reshe a Bagauda. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, da ta Jami'ar Bayero, suna koyar da dokar Ingila haɗe da shari'ar Musulunci. Wannan ya yi amfani bayan Zamfara ta dawo da hukuncin ƙisasi da diyya a 2000, wasu jihohi suka bi sahu. Lauyan da ya yi allo da zaure kafin boko yana iya buɗe Muhtasar gaban alƙali ya karanto nassin da kansa.

A Amurka abu uku suka raya sana'ar: kamfanonin inshora masu kuɗi, yarjejeniyar lauya ya ɗauki kaso, galibi sulusi, in an ci shari'a, da hukuncin Kotun Ƙoli na 1977 da ya halatta wa lauyoyi talla. Ƙa'idojin aikin lauya na Najeriya sun yarda da yarjejeniyar kaso, amma sun hana lauya bin majinyata yana neman su ba shi ƙara. Inshorar kuma, sau da yawa takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai.

Shari'ar Pfizer

Babbar shari'ar da ta nuna irin mutanen da ke wannan aiki ta taso ne daga Kano. A 1996 sanƙarau ya kashe kusan mutum 12,000 a Najeriya. Ana cikin annobar kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, kan yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma bai amsa laifi ba har aka gama.

Maganar ta fito duniya ne da rahoton jaridar Washington Post a Disamba 2000. Cikin lauyoyin da suka ɗauke ta akwai Etigwe Uwa, matashi a lokacin daga Legas, da Richard Altschuler, mai wani ƙaramin ofis a Connecticut. An shigar da ƙara a New York a 2001, aka yi ta korar ta ana dawowa, har a Janairu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce iyalan na da damar a saurare su a Amurka. A gida kuma, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kai kamfanin kotu a 2007, ta hannun Kwamishinan Shari'a Aliyu Umar, tare da lauyoyi masu zaman kansu irin su Babatunde Irukera, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa.

A 2009 aka sasanta da Kano kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Sai aka shiga rigimar gwajin ƙwayar halitta don tantance masu haƙƙi. Iyalai huɗu na farko sun karɓi dala 175,000 kowannensu a Agusta 2011, shekara 15 bayan gwajin. Abin lura, babu ko ɗaya cikin lauyoyin Najeriyar nan da ya taso a matsayin gwanin shari'ar rauni. Daga aikin gwamnati da shari'ar kasuwanci suka shigo, can suka koma.

Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari na nuna iyakar sana'ar. Garin na kan tsohuwar hanyar Legas, sama da kilomita 100 daga Kaduna, inda ofisoshin lauyoyi suke. In tirela ta buge ɗan acaɓa, ba a cika zuwa kotu ba: 'yan sanda, shugabannin tasha, liman da hakimi su zauna, a biya kuɗin magani, sau da yawa dangi su ce ƙaddara ce, sun yafe. Sulhun na da sauri, yana kuma kiyaye zumunci, sai dai marayu ne kan kwana ciki.

Mafi yawan raunin da aka ji a ƙasar Birnin Gwari cikin shekarun nan daga 'yan bindigar dajin Kamuku da Kuyambana ya fito. A harin Gwaska na Mayu 2018 kaɗai an kashe sama da mutum 40. Ɗan bindiga ba shi da adireshin da za a kai masa sammaci, kuɗi ma wajensa suke tafiya da sunan fansa. Saura gwamnati. Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaron jama'a ne aikinta na farko, amma ya sa zancen a babi na biyu, wanda kotu ba ta da ikon tilastawa. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati mai ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, sannan ko an ci shari'a, sai Antoni-Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin gwamnati.

Inda jami'an tsaro da kansu suka yi ɓarnar, ƙofa na buɗuwa kaɗan, kuma lauyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ne ke shiga, bisa sawun Gani Fawehinmi da Femi Falana. Bayan kisan wasu mutum takwas a wani kango a unguwar Apo ta Abuja a 2013, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta umarci a biya naira miliyan 135, kuɗin ba su fito ba sai 2018. Da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, ranar 3 ga Disamba 2023, ya kashe aƙalla mutum 85, an shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Kaduna ana neman naira biliyan 33.