Ɓeran Da Ya Tona Asirin Garkuwar Jiki

A shekarar 1933, annobar kumburin ƙwaƙwalwa ta afka wa birnin St. Louis na Amurka. Garin binciken musabbabinta, likita Charles Armstrong ya ci karo da wani bairos daban, wanda daga baya aka raɗa wa suna LCMV. Ɓeran gida ne mazauninsa na asali.

Ba a daɗe ba Erich Traub ya lura da abin al'ajabi cikin ɓerayen da yake kiwo a Princeton. Ɓeran da ya kamu tun yana cikin uwarsa yakan girma da bairos ɗin a jininsa, yana ci yana sha. Babban ɓera kuwa, in an sa masa shi a ƙwaƙwalwa, da ƙyar yake wuce mako guda. Cuta ɗaya ce, to me ya raba su?

Amsar ta fara fitowa a 1954. Wallace Rowe ya raunana garkuwar jikin manyan ɓeraye kafin ya sa musu bairos, sai suka tsira daga mutuwar. Ashe masu gadin gida ne ke rusa gida garin korar ɓarawo. A ganina, wannan ne darasi mafi nauyi a duk tarihin.

Sai 1973, a birnin Canberra na Ostareliya. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty, suna aiki da wannan bairos ɗin a ɓeraye, suka gano cewa ƙwayoyin T, sojojin jiki masu kisa, ba sa kai hari barkatai. Dole su ga abu biyu a lokaci guda: ɓurɓushin bairos, da kuma tambarin da ke nuna cewa ƙwayar halittar da ta kamu ta wannan jikin ce. In aka haɗa su da ƙwayoyin wani jinsin ɓera mai tambari daban, sai su wuce kamar ba su gani ba. Sun wallafa sakamakon a 1974, suka karɓi lambar Nobel a 1996.

Daga nan tambaya ta koma kan gajiya. In cuta ta daɗe a jiki, sojojin kan galabaita su daina faɗa. A 2006, ɗakin binciken Rafi Ahmed da ke Atlanta, shi ma da wannan bairos ɗin, ya nuna cewa wani birki mai suna PD-1 ne ke riƙe su, kuma da aka toshe shi sai suka farfaɗo. Birkin nan ne wasu magungunan sankara na yau suke sassautawa.

Mai karatu, labarin bai yi mana nisa ba. LCMV dangi ɗaya ne da bairos ɗin zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma shi ma ɓera ke yaɗa shi. Har yanzu ba a amince da allurar rigakafin zazzaɓin Lassa ba.