Dokokin Majalisar Sarakuna da Muryar Ƙananan 'Yan Kasuwa a Kudancin Kano

Ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun daɗe da shahara a harkar fatauci. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a shekarar 1877, cikin gidan Agalawa masu safarar goro. Riruwai ta yi suna da haƙar kuza, Tudun Wada da shinkafa, ita kuwa Kwanar Ɗangora mahaɗa ce a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Abin da nake son in jawo hankalin malamai da dattawa a kansa shi ne yadda dokokin jiha suka riƙa sauya majalisar da ke sauraren kukan waɗannan 'yan kasuwa.

A zamanin En'e hanyar a fili take. Mahauci yana da Sarkin Pawa, maƙeri yana da Sarkin Maƙera, mai tireda kuma yana da Sarkin Kasuwa. Su ne ke kai magana gaban dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi kuma ya isar da ita majalisar Sarkin Kano. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da majalisar sarki ta zama mai ba da shawara, mulkin yau da kullum ya koma hannun ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ƙaramar hukuma ya damƙa wa kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Duk da haka, a shekarun da na yi ina aikin gwamnati, na lura cewa idan rikicin rumfa ko na awo ya tashi, ƙofar hakimi talaka yake fara zuwa.

A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Rano da Gaya da Ƙaraye. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau mulki a 1983 sai ya soke wannan tsari. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, aka sanya ƙananan hukumomin nan huɗu ƙarƙashin Rano. Babbar kotun jiha ta rushe dokar a watan Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a watan Disamba na wannan shekara. Ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta soke masarautun. A watan Yuli kuma aka sake kafa Rano a matsayin mai daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai, ƙasashen nan huɗu suka zauna ƙarƙashin Kano.

Wato cikin shekara biyar, hakimin Doguwa ya sauya alƙiblar mubaya'a sau biyu. Masu goyon bayan raba masarauta suna cewa Rano ta fi kusa da manomin Doguwa, masu adawa kuma suna cewa an taɓa gadon tarihi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma muhawarar ta fi karkata ga rawani da iyaka. Kujerar mai sayar da hatsi, ko ta matar da ke turara shinkafa a Tudun Wada, ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Darasin da na ɗauka shi ne, majalisar da mambobinta ke sauyawa duk lokacin da gwamnati ta sauya ba ta riƙe tarihin ƙorafi. Sabon shiga sai an sake yi masa bayani tun daga tushe, alhali kuɗin rumfa da lalacewar hanya ba sa jira. Abin da ya ɗore a duk waɗannan sauye-sauye shi ne sarakunan sana'a da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Saboda haka shawarata ga 'yan majalisarmu ita ce, a kafa wa kowace ƙaramar hukuma kwamitin shawara na masu ƙananan sana'o'i bisa doka, kowace sana'a ta zaɓi wakilinta, a ware wa mata kujeru, a kuma ƙayyade wa'adin da ba zai zo daidai da na zaɓe ba.

Malamanmu kuma su tura ɗalibai wajen tsofaffin sarakunan kasuwa, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah ya ba mu zaman lafiya da arziki mai albarka.