Daga Yekuwa zuwa Yamai: Yadda Aka Kafa Gidan Ajiyar Tarihinmu

Wanda ya ratsa Yekuwa yau zai ɗauka ƙauye ne kamar kowane a yankin Magarya: gero, gyaɗa, rumbuna, da iyakar Najeriya kusa. Amma masu tarihin Daura sun san sunan. Bayan Malam Ishaku ya ci Daura a 1805, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya yi ta ƙaura har ya sauka Yekuwa, kuma daga danginsa aka sami sarautun Zango da Ɓaure. Daga baya Faransa da Ingila suka ja iyaka tsakanin 1906 da 1908, labari ɗaya ya rabu gida biyu. To ɗan Yekuwa da ke son sanin asalinsa, ina zai dosa?

A Nijar, ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa tana Yamai: cibiyar binciken al'umma da tarihi, wadda aka fi sani da IRSH.

Ba da wannan suna aka haife ta ba. A 1944 Faransawa suka buɗe ta a matsayin reshen cibiyar bincike ta IFAN, wadda uwarta ke Dakar. Aikin 'yan mulkin mallaka ne, don su san waɗanda suke mulka, ba sai an ɓoye ba. Bayan 'yancin kai, a 1964, ta koma cibiyar ƙasa mai suna CNRSH, sannan a 1974 aka haɗa ta da Jami'ar Yamai, ta ɗauki sunanta na yanzu.

Mutumin da ya sa mata rai shi ne Bubu Hama. Malamin makaranta ne, ya riƙe cibiyar a shekarun 1950, kafin ya zama shugaban majalisar dokoki. Kujerar ba ta raba shi da tsofaffin takardu ba. Ya yi ta neman littattafan Larabci da na ajami daga hannun malamai, wani a saya, wani a kwafe a mayar wa mai shi. Wanda ya taɓa roƙon malami ya kwance gafakar mahaifinsa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an zo an gaishe shi sau da yawa, an sha furar gidan, kafin ya jawo jakar fata daga rataye, ya hure ƙura, ya fito da warƙoƙi masu launin ƙasa, baƙar tawada da ja, gefensu gara ta ɗanɗana. Sau tari a bayan littafin fiƙihu ake tsintar abin da ake nema: shekarar fari, rasuwar sarki, sunan wanda ya haƙa rijiya.

Juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 ya kai Bubu Hama gidan kaso, amma takardun sun tsira. Suna sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar, adadinsu wajen dubu huɗu, kuma gidauniyar Al-Furƙan ta Landan ta buga jerin sunayensu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a raina tarihin baka ba. An shiga garuruwa da na'urar ɗaukar murya, an zauna gaban maroƙa da dattawan fada. Juldeh Laya, wanda ya shugabanci cibiyar a shekarun 1970, rayuwarsa ya ba wannan fage. A 1971 cibiyar ta buga littafin André Salifou kan daular Damagaram a ƙarni na 19, daular da ta shimfiɗa ikonta har ƙasar Magarya. Cibiyar ta yi rassa a Maradi da Agadas.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yawancin abin da aka buga kuma da Faransanci yake. Rabin labarin Yekuwa na tsallaken iyaka, a ma'ajiyar takardu ta Kaduna da littafin M. G. Smith kan Daura na 1978, da Ingilishi. Jikan wanda ya ba da labarin bai taɓa ganin shafin ba. A ƙauyukan Magarya da Dungas kuwa har yanzu akwai gafakokin da ba wanda ya kwance, ga damina na zuwa, ga ɗakunan ƙasa na yoyo.